Hasumiyar Sarki Gundumau da Sunan da Na Raɗa Mata

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya shimfiɗa ƙasa ba da daɓe ba, na buɗe bakina. Na zaune ku gyara zama, na tsaye ku matso kusa. Ni ce Tasalla 'yar Nomau magini, zabiyar garin Rumbukawa. Abin da zan faɗa muku da ƙafata na taka shi, da idona na gan shi.

Mu biyu rak iyayenmu suka bari, ni da yayana Mantau. Shi ya gaji hannun babanmu, ni na gaji muryar kakarmu. In Mantau ya gama soro, daga kasuwanni masu nisa ake zuwa kallon zankwayensa. Wata rana manzanni suka iso daga Birnin Zarkanda, can bayan inda fatake suke juyowa, suka ce Sarki Gundumau yana neman maginin da ba ya tsoron sama. Mantau ya ɗaure kayan aikinsa yana murmushi, ya ce mini, "Damina biyu, Tasalla, sai ki gan ni."

Damina bakwai ta wuce, ko gaisuwa bai aiko ba.

Ban yi kuka ba, fushi na yi. Na ce a raina ya samu gidan sama da tufafin alharini, ya manta da ƙanwar da ta riƙa kai masa fura wurin aiki. Sai na ɗauki sandata da gorar ruwa na kama hanya, ba don kewa ba, don in je in tsaya gabansa in gaya masa abin da ya dace da shi, in juyo abina.

Bayan tafiyar wata biyu na faɗa Dajin Gamba. Ciyawa ce, amma ta ɗara rimi tsawo, kaurin kowane kara kamar cinyar ƙato. Wanda ya shiga ba ya ganin gabas balle yamma. Kwana huɗu ina tafiya, a na biyar na tarar da sawun ƙafata a gabana, na gane zagaye nake yi. Na zauna bakin wani tafki da giginyu suka kewaye, ina zagin Mantau da ƙarfi, tun da ba mai jina.

Da hantsi ya yi sai na ji ƙara kamar ana murɗa sabuwar igiya. Giginyun nan gaba ɗaya suka sunkuyo, suka tsoma kawunansu cikin ruwa suna sha, kwat, kwat, kamar raƙuma. Ban tsaya dogon tunani ba. Na ruga na rungume wuyan wadda ta fi kusa, na ɗaure ƙuguna da ɗankwali a jikinta. Da ta ƙoshi ta miƙe da ni sama. Daga can na ga dajin duka ya kwanta ƙarƙashina kamar tabarma, kuma a nesa, hannun dama da rana, na hango wani abu siriri tsololo ya soki girgije kamar allura a auduga. Wasu shaho biyu masu sheƙa a wurin suka taso mini, ɗaya ya yage mini kunne. Na yi ta jifansu da 'ya'yan giginya har la'asar, lokacin da giginyar ta sake sunkuyawa shan ruwa. Na diro, na miƙi wajen da na ga allurar, ban ƙara ɓata ba.

Ƙauyen farko da na riska ya ba ni mamaki fiye da dajin. Ba ɗakin da ya kai ƙirjina. Ba azara ko ɗaya, sai karan dawa aka jera a kai. Mutane da rarrafe suke shiga gidajensu, maza kuma suna tafiya a duƙe kamar masu neman allura a ƙasa. Na ga wani mutum da ko a duƙen ya fi ni, na ce, "Sannu da aiki, Dogo."

Ya yar da fartanyarsa ya zura da gudu. Mata suka kwashi yara suka shige. Sai wani tsoho ya leƙo daga ƙofar ɗakinsa ya ce, "Ke baƙuwa, shigo nan tun kafin bakinki ya jawo mana bulala."

Na rarrafa na shiga. Sunansa Korau. Da ya miƙo mini ƙwaryar ruwa na ga yatsunsa duk sun karkace, kowane ya kama gabansa.

Na ce, "Baba, me na faɗa da ya kori gari?"

Ya ce, "Kin kira mutum da kalmar da ba tasa ba. A ƙasar nan dogo da doguwa, tsawo da tsayi, bisa da ƙoli, duk na hasumiyar sarki ne. Wanda ya faɗe su a kan mutum ko itace, bulala arba'in, sannan a kai shi ɗaukar ƙasa. Azarorinmu an kwashe, an kai ginin. An hana mu ɗaga bango ya wuce ƙirji. Wanda Allah ya yi da tsayi, sai ya duƙa."

Na ce, "Kuma kuka yarda?"

Ya ɗaga mini hannuwansa. "Ni ban yarda ba, 'yata. Ni na haƙa harsashin hasumiyar nan. Na gaya wa sarki hawa ashirin zai ɗauka, ko ɗaya ba ƙari. Ya sa aka ɗora yatsuna kan dutse aka bi su da muciyar ƙarfe. Sannan ya aika aka kawo wani saurayi daga nesa, Mantau."

Na ajiye ƙwaryar. Na ce, "Yayana ne."

Ya dube ni. Ya ce, "To ki ji. Na same shi na faɗa masa abin da harsashin zai ɗauka. Ya yi dariya, ya ce tsofaffi ƙasa suka sani, shi sama ya sani. Ya kai ta hawa talatin, sannan ya ga abin da na gani. Da ya ce zai tsaya, sarki ya sa aka rushe matakala daga ƙasa har hawa na goma. Shekara huɗu ke nan yana can ƙololuwa. Da kwando ake ja masa tuwo da tubali. Ran da bai ɗora sabon layi ba, ba tuwo."

Fushin da na ɗauko daga gida bai tafi ba. Rabuwa ya yi biyu, kowane rabi ya fi na farko zafi.

Bayan tafiyar rabin yini na isa Zarkanda. Ba zan iya kwatanta muku hasumiyar ba sai in ce wanda ya tsaya gindinta ya ɗaga kai, hularsa za ta faɗi bai ga ƙarshenta ba. Hawa arba'in da bakwai, ja wur da shafen makuba, tsuntsaye suna gajiya a tsakiyarta su sauka su huta. A gindinta kuwa unguwanni ne cunkus, dubban mutane cikin ɗakuna kamar akurki. Ga layin masu ɗaukar ƙasa, kwando a ka, dogarai na binsu da bulala. A gabana wata mace ta faɗi da kayanta, aka ja ta gefe kamar buhu, layi ya ci gaba.

Sarki Gundumau yana kwance a wani gado a filin fada. Tsabar kallon sama wuyansa ya ƙage, haɓarsa a ɗage, ba ya iya ganin wanda yake magana da shi. Kullum maroƙa suna zuwa su yi wa hasumiya kirari, domin ya yi shela cewa yana neman kalmar da ta kai tsayinta, wadda ba a taɓa faɗa wa wani gini ba. Wanda ya maimaita abin da sarki ya riga ya ji, sai a ɗora masa kwandon ƙasa.

Na ratsa taro na durƙusa, na ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Zabiya ce daga nesa."

Ya ce wa sama, "Faɗi."

Na ja numfashi na saki murya. Na ce doguwa, zanƙaleliya, santaleliya mai wuyan barewa. Na ce tsololuwa, sangamemiya, ɗirkekiya, mai tsororuwa a gidan hadari. Na ce uwar benaye, kakar soraye, wadda duwatsu ke gaida ta a tsugune, wadda mikiya ke tambayar hanya a ƙugunta. Filin ya yi tsit. Na san na yi waƙa, don na ga wani dogari ya saki baki.

Sarki ya yi hamma. Ya ce, "Zanƙaleliya na ji ta bara. Santaleliya wani makaho ya kawo ta. A ba ta kwando."

Dogarai biyu suka kama ni. Na fizge hannuna na daka tsawa, na ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda ya yi mata kirari daga ƙasa ya yi, shi ya sa kalmominsu gajeru ne! Wa ya taɓa raɗa wa jariri suna bai ga fuskarsa ba? A kai ni ƙololuwarta in tambaye ta da kaina. In na sauko ba suna, a sare kaina, ba kwando ba."

Ya ɗaga wa dogaran hannu. Ya ce, "A ja ta."

Aka sa ni cikin kwandon tubali, ƙarti ashirin suka kama igiya. Ina tashi birni yana ƙanƙancewa, mutane suka koma kamar tururuwa, sannan kamar gero da aka watsa. Iska tana buga kwandon da bango. Wajen hawa na goma sha biyu, ta fuskar gabas, na ga tsaga a jikin ginin wadda akuya za ta shige, an toshe bakinta da laka an shafe. Na ratsa girgije, na jiƙe sharkaf, na fito cikin rana.

Wani mutum ya jawo kwandon. Gemu har ciki, haƙarƙari a waje, fata ta ƙone ta yi baƙi ƙirin. Ya dube ni. Ya ce, "Tasalla?"

Na fito daga kwandon, na tsaya da ƙafafuna, na sharara masa mari.

Na ce, "Damina biyu, ko? Tsoho ya gaya maka gaskiya ka yi masa dariya! Ka san mata nawa suka faɗi ƙarƙashin kwando don kai ka san sama? Yaya, da hannun babanmu ka yi wannan?"

Bai kare fuskarsa ba. Ya zauna kan tulin tubali ya ce, "Ƙara, in kina so. Na fi shekara huɗu ina yi wa kaina abin da ya fi wannan."

Na so in ƙara. Amma na ga ƙafafunsa sun kumbura, ga wata 'yar bukka da ya yi da ragowar kwanduna, ga tukunyar da yake tarar ruwan sama. Na zauna nesa da shi na juya masa baya.

Can ya ce, "Kin ga tsagar gabas?"

Na ce, "Na gani."

"Hadari daga gabas yake dukanta, ya cinye gindin. Sarki ya sa an tokare ta ciki da azara goma sha biyu, an rufe da bango don kada a gani. Su kaɗai suke riƙe da ita. Ruwan farko mai ƙarfi na bana, za ta tafi. In ta tafi da kanta, ba wanda ya san inda za ta kwanta, kuma mutane suna ƙarƙashi. In an zare tokaran, gabas za ta faɗi, kan fada da rumbunan sarki."

Na ce, "To a fitar da mutane."

Ya ce, "Wa zai fitar da su? Wanda ya ce za ta faɗi, harshensa ake cirewa."

Na leƙa ta kan rawanin ginin. Can ƙasa inuwar hasumiya ta miƙe ta haye ganuwa ta faɗa cikin gonaki. Na daɗe ina kallonta. Sannan na ce, "Sarkin da kansa zai fitar da su. Kai dai jibi da hantsi ka zauna cikin kwando ka jira."

Da aka sauko da ni na faɗi gaban gadon sarki na ce, "Ranka ya daɗe, ta faɗa mini sunanta. Amma ta kafa sharaɗi. Ba za a furta shi a gindinta ba, sai a daidai inda kan inuwarta ya taɓa ƙasa da hantsi. Kuma duk mai rai a birnin nan sai ya je ya ji, babba da yaro, dogari da bawa, mai lafiya da na kwance. In mutum ɗaya ya rage, sunan zai tashi daga bakina."

Murna ta kama shi har gadon yana rawa. Nan take aka buga shela.

A ranar ban zauna ba, tun la'asar na aika wa Korau, ya iso a kan jaki washegari. Masu jan igiya yawancinsu 'yan ƙauyensa ne. Na gaya masa komai a bayan ramin da ake haƙo ƙasar gini. Ya kafa sandata a fili ya ce, "Dubi nan. Lokacin da inuwar sandar nan ta ninka tsawonta biyu, inuwar hasumiya ma ta ninka nata biyu. Tsayinta gaba ɗari da ashirin ne. Ki tsayar da su a gaba ɗari biyu da arba'in, yamma da gindinta. Ko ta yi gardama ta faɗo wajenku, ba za ta kai gare ku ba."

Na ce, "Wa zai zare tokaran, Baba?"

Ya ce, "Samari za su ɗaura igiya su ja daga nesa. Amma sai an shiga an nuna musu wadda za a fara ja. Ni na san cikinta."

Ranar ta zo. Aka kwashe birnin kaf, har marasa lafiya a ɗauke a kan gadaje, har awaki. Aka ɗauko sarki a gadonsa aka ajiye shi cikin gonar gero, fuskarsa na kallon hasumiya. Korau da samari goma sha biyar suka ɓuya a ramin ƙasa, aka wuce su. Na kafa sandata ina kallon inuwarta tana janyewa a hankali.

Sarki ya ce, "Faɗi sunan."

Na ce, "Saura kaɗan, ranka ya daɗe. Sai na fara da asalinta."

Na fara waƙa, ina satar kallon hasumiya. Na hango kwandon Mantau, ɗigo baƙi, yana saukowa a jikinta kamar gizo-gizo. Na ja waƙar, na ƙara amshi, na sake zagayowa, har ɗigon ya ɓace a bayan ganuwa. Sannan na sauya murya. Na ce an gina ta da azarar talaka da ƙashin bayan matarsa. Na ce an kwaɓa ƙasarta da gumin wanda bai ci ba. Na ce mai ita ya sace wa mutane rufin ɗaki, bai ƙoshi ba ya sace musu kalmomin bakinsu, bai ƙoshi ba ya tanƙwara musu baya.

Sarki ya yi ƙara, "Wannan ba kirari ba ne! Sunan, ko a yanka ta!"

Sai ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafafunmu. Hasumiya ta yi wani nishi da na ji shi a haƙorana. Ƙololuwarta ta karkata gabas a hankali, kamar mai jin barci, sannan tsakiyarta ta karye, ta tafi gaba ɗaya. Ƙarar ta kayar da mutane. Jan ƙura ya tashi ya rufe rabin sama. Inuwar da muke tsaye a bakinta ta ɓace, rana ta dake mu a fuska.

Na matsa kusa da gadon, na sunkuya daidai kunnensa don ya ji da kyau, amma na ɗaga murya don kowa ya ji. Na ce, "Sunanta Kango. Ba a taɓa kiran ta da shi ba, kuma ya kai ta daga sama har ƙasa."

Ya yi ta ihu a kama ni. Shugaban dogarai ya zare takobi ya yi taku biyu. Sai wani mutum a cikin taron ya miƙe, ƙashin bayansa ya yi ƙara, ya tsaya ƙerere, kansa ya fi na kowa. Na kusa da shi ma ya miƙe. Kafin ka ce me, filin duka ya tashi tsaye, suna kallon dogarin. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya mai da takobinsa kube. Masu ɗaukar gadon suka tafi suka bar sarki cikin gero, haɓa a sama, yana kallon wurin da babu komai.

Na ruga cikin birni. Na tarar da Mantau zaune a bakin ramin ƙasa, samarin na kewaye da shi, duk sun yi ja da ƙura. Na ƙirga su da ido, na ce, "Ina Baba Korau?"

Ɗayansu ya ce, "Igiyar tokara ta ƙarshe ta kwance, Inna. Ya ce mu fita, shi zai riƙe ƙullin da haƙori har mu ja. Mun ce a'a, ya zage mu. Mun ja."

Mutanen Zarkanda suka so in yi musu waƙar murna. Na ƙi. Na hau kan ɓaraguzan na ce kowa ya kawo mini sunan nasa da ginin nan ya ci. Kwana uku ina rera sunaye, na fara da Korau, muryata ta dushe kafin su ƙare. Mantau ya zauna a ƙasa ya saurari kowane ɗaya, bai tashi ba ko da wata tsohuwa ta tofa masa yawu. Bayan nan ya yi wata biyar yana tono azara daga cikin kango, yana rufa wa mutane ɗakuna, ba ya karɓar komai sai abin da zai ci.

Ran da muka kama hanyar gida, yana tafe yana tangaɗi, don har lokacin ƙafarsa ba ta gama sabawa da ƙasar da ba ta lilo ba. Na riƙe masa hannu har muka fita ƙofar gari. Ya ce, "Tasalla, har yanzu kina fushi?"

Na ce, "Ina yi."

"Da sarki?"

"Da sarki, da dogaransa, da maroƙan da suka yi ta kawo masa kalmomi. Da kai ma, Yaya. Kai ka ɗora tubalin."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne."

Na ce, "Taka a hankali, akwai rami a gabanka."

Nan na tsaya, nan na naɗe tabarmar zancena. Wanda ya ji ya riƙe, wanda ya riƙe ya isar.